Tantalum: Toshe Jijiyar Jini da Shafen Madubi

Tantalum ƙarfe ne mai nauyi, ruwan toka, lambarsa 73 a jadawalin sinadarai. Anders Ekeberg, ɗan ƙasar Suwidin, ya gano shi a 1802. Ba ya narkewa sai zafi ya kai digiri 3,017 a ma'aunin Salshiyas, ba ya tsatsa, jikin mutum kuma ba ya ƙyamarsa. Kwango da Ruwanda ne kan gaba wajen haƙo shi, Nijeriya ma tana fitar da shi.

A asibiti, akwai lokacin da toshe jijiya shi ne magani: idan jini ya ɓalle a cikin jiki, ko jijiya tana ciyar da ƙari, ko jijiyoyi sun cukurkuɗe a ƙwaƙwalwa. Likita yakan zura siririn bututu ta jijiyar matsematsi, ya bi da shi har wurin, ya ɗura abin toshewa. Fitacce cikinsu shi ne Onyx, wanda hukumar kula da abinci da magunguna ta Amurka (FDA) ta amince da shi a 2005. Roba ce da aka narkar a wani ruwan sinadari mai suna DMSO. Da ta haɗu da jini sai ruwan ya watse, robar ta daskare daga waje zuwa ciki. Ita kanta ba ta fitowa a hoton eksire, shi ya sa ake zuba mata garin tantalum, don likita ya riƙa ganin inda ta nufa. Wannan ganin ba ƙaramin abu ba ne, domin kuskure ɗan kaɗan a ƙwaƙwalwa na iya jawo shanyewar ɓarin jiki.

Garin yana da nasa cikas. Kwantawa yake yi a gindin kwalba, dole a girgiza ta aƙalla minti 20, kuma yana dagula hoton CT daga baya. Saboda haka masu bincike suka gwada robar da aka ɗaure wa aidin, da wani kwaɓi na jelatin mai tsinkewa idan an matsa shi, ya sake kauri idan ya tsaya.

A kimiyyar haske kuwa, gaurayen tantalum da iskar oksijin, wanda ake kira tantala, ake nema. Na'urar LIGO ta Amurka, wadda ta fara jiyo igiyoyin maganaɗisun nauyi (wata irin girgiza da ke ratsa sararin samaniya) ranar 14 ga Satumba, 2015, tana da madubai masu kilo 40 kowanne. A Liyon ta Faransa aka shafe su, hawa kan hawa: silika, sai tantala mai ɗan titaniyum. Bayan shafen akan gasa madubin a wajen digiri 500 don rage motsin ƙwayoyin da ke gurɓata awo. Ƙarin zafi zai ƙara amfani, amma idan ya wuce kima tantala takan yi tsaba-tsaba ta warwatsa haske. Gwaje-gwaje sun nuna cewa ƙara mata sinadarin zirkoniya yana sa ta jure gashi mafi zafi kafin ta yi tsabar.