Waiwaye: Yadda marubuta suka yi ta matsar da iyakar wayewa da dabbanci

Tun zamanin da ake rubutu a kan allunan yumɓu marubuta ke fama da tambaya guda: me ya raba ɗan Adam da namun daji, kuma rabuwar ta kai zuci ko kuwa ta tsaya a tufafi? Wanda ya bi sawun amsoshin zai lura cewa iyakar ba ta taɓa zama wuri ɗaya ba, kuma kusan kullum mai riƙe da alƙalami ne ke zaɓar gefen da zai tsaya.

A labarin Gilgamesh, sarkin Uruk a ƙasar Iraƙi ta yau, wanda aka tono allunansa a kufan Nineba a ƙarni na 19, iyakar ita ce ganuwar birni. A bayanta Enkidu yake, gashi ya rufe masa jiki, yana kiwo tare da bareyi. Wata mata, Shamhat, ta janye shi, ya ci gurasa, ya sa tufa, dabbobin da ya saba da su suka guje shi. Sai dai azzalumin labarin ba a daji yake ba. Kukan da mutanen Uruk suka yi kan zaluncin sarkinsu shi ya sa aka halicci Enkidu don ya taka masa birki.

Malaman Musulunci sun ɗauki batun ta wata fuskar. A ƙarni na 12 Ibn Tufail na Andalus ya rubuta Hayy ibn Yaƙzan, labarin yaron da barewa ta shayar a tsibirin da ba kowa, ya girma ya gano Mahaliccinsa da hankalinsa, amma da ya shiga cikin jama'a ya yi ƙoƙarin fahimtar da su ya kasa, ya koma tsibirinsa. Ibn Khaldun kuwa, a Muƙaddimarsa ta 1377, cewa ya yi mutanen sahara sun fi na birni jarumta da kusanci ga alheri; su ci birni da yaƙi, jin daɗi ya sangartar da jikokinsu, wasu su zo daga jeji su kawar da su. A wurinsa wayewa ba tsani ba ce da ake hawa har abada.

Bayan 1492, da jiragen Turawa suka isa nahiyar Amurka, sai aka kai iyakar ƙetaren teku. Ba kowa ya yarda ba. A 1580 Montaigne ya rubuta game da mutanen Burazil da ake cewa suna cin naman abokan gaba, ya ce kowa na kiran al'adar da ba tasa ba dabbanci, ya tuna wa 'yan Faransa cewa su da ransa suke azabtar da mutum da sunan addini. Hobbes, wanda yaƙin basasar Ingila ya girgiza, ya ce a 1651 in babu hukumar da ake shakka kowa abokin gabar kowa ne. Rousseau ya juya maganar a 1755: mallakar dukiya da zaman tare su suka ɓata mutum. Dukansu biyu a kan tebur suka ƙirƙiro mutumin farkon da suke gardama a kansa.

Littattafan hikaya sun fi karkata ga masu jiragen. A Robinson Crusoe na 1719, Bature ya ceci wani ɗan yankin, ya raɗa masa suna Friday, ya koya masa ya riƙa kiransa ubangida. A ƙarshen shekarun 1850 Ballantyne ya jefa yaran Ingila uku a tsibiri cikin The Coral Island, suka zauna lafiya lau, sharri duk daga waje yake zuwa, wajen 'yan fashin teku da 'yan tsibiran.

Joseph Conrad ne ya fara rusa wannan kwanciyar hankali da gaske. Ya yi aiki a jirgin ruwa a kogin Kwango a 1890, lokacin da ƙasar take mallakin Sarki Leopold na Biyu na Beljiyam shi kaɗai, kuma a 1899 ya fitar da Heart of Darkness. A cikin littafin, Kurtz, wakilin kamfanin hauren giwa, haziƙi ne mai iya magana, har wata ƙungiya ta ba shi aikin rubuta rahoto kan yadda za a kawar da al'adun dabbanci. Ya rubuta shafuka masu daɗin karatu, sannan ya ƙara layi ɗaya a ƙasa: a hallaka su duka. Kawunan mutane ne a kan sandunan da ke gaban gidansa. Yanzu dabbar ta koma cikin ƙirjin mai wa'azin wayewa.

Yaƙe-yaƙen duniya biyu sun ƙarasa aikin. William Golding malamin makaranta ne da ya yi aikin sojan ruwa a yaƙi na biyu, kuma da gangan ya ari sunayen Ralph da Jack daga littafin Ballantyne don Lord of the Flies na 1954. Yaransa sun fara da zaɓen shugaba da dokar cewa mai riƙe da ƙaton kwanson teku shi ke da magana. Kafin a jima sun shafa fenti a fuska, sun kashe biyu daga cikinsu, sun cinna wa tsibirin wuta suna farautar na uku. Abin da masu karatu kan tsallake shi ne wanda ya cece su: hafsan sojan ruwa cikin fararen kaya, da jirgin yaƙinsa a bayansa, daga duniyar manya da ke tsakiyar yaƙi. Ya nuna takaicinsa cewa yaran Ingila sun kasa yin abin da ya fi haka.

Littafin ya shiga manhajar makarantu a ƙasashe da dama, Golding ya sami kyautar Nobel a 1983, aka wayi gari ana ɗaukar hikayarsa kamar sakamakon bincike. Amma ko a nan akwai abin dubawa. Lokacin da yaran suka lalace, kamannin wa aka ba su? Mashi, fenti, rawa a gefen wuta, wato dai hoton da Turawa suka daɗe suna zana wa mutanen da suka mallaka. An yarda dabbar tana cikin kowa, amma fuskarta ta wasu ce.

Wannan gurbin marubutan ƙasashen da aka mallaka suka shiga. Aimé Césaire ɗan Martinik, tsibirin da Faransa ta mallaka, ya ce a 1950 mulkin mallaka mai yin sa yake fara mayarwa dabba, kuma abin da Hitler ya yi a Turai an daɗe ana yin irinsa a wasu nahiyoyi ba wanda ya ɗaga murya. Chinua Achebe ya nuna a Things Fall Apart na 1958 cewa Umuofia, garin Ibo da labarin ya gudana a cikinsa, na da shari'arta da majalisar dattawanta, da nata zaluncin ma, bai ɓoye kisan da mutanen garin suka yi wa yaro Ikemefuna ba. Ya rufe littafin da jami'in mulkin mallaka yana tunanin rayuwar Okonkwo, jarumin labarin, za ta cika sakin layi ɗaya a littafin da yake rubutawa. A laccarsa ta 1975 a Jami'ar Massachusetts ya ce Conrad ya mayar da Afirka labulen da Bature ke haukacewa a gabansa, mutanenta ba su da baki. Ina ganin Achebe ya yi gaskiya, ko da yake hakan bai goge abin da Conrad ya tona ba.

Sai kuma abin da ya faru a zahiri. A 1965 wasu ɗalibai shida 'yan Tonga, ƙasar tsibirai a tekun Pasifik, suka gudu daga makarantar kwana cikin kwale-kwalen wani masunci, guguwa ta lalata shi, suka ƙare a tsibirin Ata da ba kowa. Wata 15 suka yi. Sun raba aiki bibbiyu, sun yi lambu, suna addu'a safe da yamma, in faɗa ya tashi a raba masu faɗan har su huce, kuma da ɗayansu ya karye a ƙafa suka ɗaure masa har ya warke. Yara shida abokan juna ba su isa hujja kan ɗan Adam duka ba, kamar yadda yaran Golding da ba su taɓa wanzuwa ba ba su isa ba. Wani matuƙin jirgin ruwa ɗan Ostireliya, Peter Warner, ya tsince su a 1966. Da suka isa gida aka kulle su kan satar kwale-kwalen, sai da ya biya mai shi aka sake su.