Sababbin ma'aurata masu komawa gona: ku fara da gyaran rumbu

Tun da tsadar abinci ta kai inda ta kai, kusan kowace damina sai na haɗu da matasan ma'aurata da suka tattara komatsansu daga birni suka dawo gonar gado. Tambayarsu ta farko ɗaya ce: "Malam, eka nawa za mu noma mu daina awo?" Tambayar tana faranta mini rai, domin niyya ce mai kyau. Sai dai a aikina na malamin gona, abin da na fi gani yana durƙusar da ƙaramin gida shi ne asarar da ke biyo bayan girbi, tsakanin kaka da faɗuwar ruwa.

Da bazarar bara na shiga gidan wani matashi da maiɗakinsa, ɗansu ɗaya yana goye. Sun yi noma na a zo a gani, gero da wake, har maƙwabta na yaba musu. Uwargidan ta jawo buhun wake daga bayan ƙofa ta kwance bakinsa, ta ce, "Malam, dubi abin da ya same mu." Da na tura hannu sai na ji ɗumi, na ɗebo, rabi gari ne, ƙwayoyin da suka rage kowace da huda biyu ko uku, ƙwari na bin yatsuna. Waken da suka yi niyyar ci har shuka, su kuma cire iri a ciki, ya tashi daga aiki cikin 'yan watanni. Maigidan ya sunkuyar da kai bai ce uffan ba. Har yau abin yana ci mini rai, don kuɗin da zai hana wannan asara bai kai na tiya kaɗan na waken ba.

Ƙwaron wake tun daga gona yake biyo shi, kuma da iska yake rayuwa. In aka toshe masa iska, zai mutu da shi da 'ya'yansa. Hikimar buhun PICS ke nan, wanda masana na Jami'ar Purdue ta Amurka suka ƙirƙiro, aka fara yaɗa shi a ƙasashenmu daga 2007. Leda biyu ne masu kauri a ciki, da buhun saƙa a waje. A shanya wake ya bushe ƙayau, har in an ciza a ji ƙaras. A duba ledojin kada a sami huda. A zuba, a matse iska, a ɗaure ta ciki ita kaɗai, sannan ta biyu, sannan buhun waje. A ɗora a kan katako, kada ya jingina da bango, saboda ɓera. Wanda za a riƙa ci yau da gobe a ware shi daban, don yawan buɗewa yana mayar da aiki baya. Wanda bai samu buhun ba, jarka mai tsabta da murfi mai kamawa tana yin aikin, in an cika ta har wuya.

Ina roƙonku, kada ku yayyafa wa abincinku maganin ƙwari na feshi. Irin wannan sinadari, DDVP, shi ya sa Tarayyar Turai ta hana shigar da waken Nijeriya a 2015. Abin da wasu suka ƙi ci, bai kamata ya shiga cikin ɗan da aka yaye jiya ba. Ƙwayar nan ma mai fitar da iskar guba da ake jefawa a buhu, kada a kuskura a yi amfani da ita a ɗakin da mutane ke kwana.

Sai lissafi, wanda matasa ke jin nauyin yinsa. Uwargida ta auna abin da take ɗiba na tsawon mako guda, ku ninka har shekara, ku ƙara na baƙi da zakka da iri. Buhu mai kilo 100 yakan ɗauki tiya wajen 40. Wannan kason na cin shekara ba a taɓa shi don sayarwa, ko da biki ya taso. Da kaka hatsi ba ya daraja, wanda ya sayar a lokacin shi ne zai dawo ya saya da tsada a watan Yuli, sa'ad da ake tsakiyar noma kuma jiki na neman abinci.

To, in an hana taɓa rumbu, da me za a sayi gishiri da sabulu da magani? Da kaji da awaki. Ku fara da kajin gida biyar da zakara, kaza kwana 21 take kwanci. Amma duk mai kiwo ya san annobar da ke zuwa da hunturu, wadda likitocin dabbobi ke kira Niyukasil: koren zawo, fukafukai su saki, wuya ya murɗe, a wayi gari akurki ya zama kango. Ba ta da magani in ta kama, rigakafi ne kawai. Cibiyar binciken lafiyar dabbobi ta Vom a Jihar Filato tana yin allurar I-2 mai jure zafi, ɗigo ɗaya a ido, ana maimaitawa bayan wata uku zuwa huɗu. Ku haɗu da maƙwabta a yi rana ɗaya, tunda kajin unguwa tare suke kiwo. Kazar da aka sayo a kasuwa kuwa a killace ta mako biyu kafin ta shiga cikin sauran.

Jar akuya biyu sun isa farawa. Wata biyar take ɗaukar ciki, kuma ta saba tagwaye. A yi musu allurar rigakafin PPR, annobar awaki da tumaki, a ɗaure harawar wake da ta gyada a ɗora a bisa tun da kaka. Kashinsu shi ne takin fegin zogale da rama da kuɓewa da za ku yi a bayan madafi, inda ruwan wanke hatsi ke zuba. In kuna sharar gona kuka ga tohon gawo, ku bar shi. Da damina yake kakkaɓe ganyensa, ba ya tare wa gero rana, da rani kuma awaki su ci 'ya'yansa. Da irin wannan renon toho manoman Maradi suka farfaɗo da gonakinsu tun daga shekarun 1980.

Abu ɗaya da ya shafi lafiyar yaro: in za ku haƙa rijiya, ta yi nisan aƙalla mita 30 da masai, kuma kada ta kasance a gangaren da ruwan masan zai biyo. A yi mata baki da murfi, guga kuma a rataye shi, kada ya kwana a ƙasa inda kaji ke tono.

Matashin nan da na ba ku labari, da kakar nan mun ɗaure wakensu tare a buhu biyu. Uwargidan ce ta rubuta ranar da gawayi a jikin bango, ta kuma ware tiya uku a jarka don iri.