Wai zuma ba ta ɗaga suga?

Tun muna yara muke jin ana cewa mai ciwon suga ya bar sukari ya koma zuma, wai ita ba ta taɓa jini. Da kyakkyawar niyya ake faɗa, kuma zuma tana da albarka, babu mai musun haka, amma maganar ba ta ɗaga suga kam ba haka ba ne.

Kusan kashi 80 cikin ɗari na zuma sukari ne, gulukos da furuktos, cokali babba ɗaya yana da kamar giram 17 na sukari. A gwaje-gwajen da likitoci suka yi suna auna jinin mutane bayan sun sha, suga yana hawa, wani lokacin ƙasa kaɗan da na sukarin shayi amma dai yana hawa, balle ace kofin koko ne aka zuba mata cokali uku, shi ma gero sitaci ne, suga yake komawa a jiki.

Kana iya gwadawa da kanka in kana da na'urar auna suga ta yatsa. Ka auna kafin ka ci abinci mai zuma, ka sake bayan awa 2, ka rubuta. Ga yawancin masu ciwon, ana so awon bayan cin abinci kar ya wuce 180 mg/dL. Washegari ka ci irin abincin ba zuma ka kwatanta, sai ka kai wa likitanka.

Bincike ya kuma nuna tattaki na minti 10 zuwa 15 bayan cin abinci yana rage hawan, haka fara cin ganye da wake ko kifi kafin tuwo.

Don Allah ku tura wa iyaye da 'yan'uwa masu fama da ciwon.