Hayar VPS a kan Linux

Hayar VPS sana'a ce ta raba babbar kwamfuta guda, wadda ake kira saba, zuwa ƙananan kwamfutocin da manhaja ke samarwa, a riƙa ba da hayar kowacce wata-wata. Tamkar gidan haya ne: gini ɗaya, amma kowa da ɗakinsa da mukullinsa. Akasari a kan Linux ake yin ta, tsarin da Linus Torvalds ya fara a Finland a 1991, wanda kowa ke da ikon dubawa ya gyara ba tare da kuɗin lasisi ba.

Tarihi

Dabarar ta girmi kwamfutar tebur. Wajajen 1967 kamfanin kwamfuta na IBM ya gwada ta da tsarin CP-40, sannan ya fitar da VM/370 a 1972. Ƙananan kwamfutoci sun daɗe ba su samu ba, domin ba a ƙera ƙwaƙwalwarsu, samfurin da ake kira x86, don wannan aiki ba, sai a 1999 da kamfanin VMware ya samo hanyar zagaye matsalar. A 2003 masu bincike a Jami'ar Cambridge ta Ingila suka saki Xen, manhajar raba kwamfuta, kuma kusan lokacin ne Bafaranshe Fabrice Bellard ya fitar da QEMU, manhajar da ke kwaikwayon kwamfuta.

Al'amarin ya sauya ne da kamfanonin ƙera ƙwaƙwalwar, Intel a 2005 da AMD a 2006, suka gina tallafin wannan aiki cikin ƙwaƙwalwar kanta. A kan haka Avi Kivity na kamfanin Qumranet ya rubuta KVM, manhajar da ke ba Linux damar raba saba, aka shigar da ita cikin Linux 2.6.20 a Fabrairun 2007. Red Hat ya sayi kamfanin a 2008. Kamfanin Amazon ya fara tasa hayar a kan Xen a 2006, amma daga 2017 ya soma komawa kan tsarin da aka gina bisa KVM.

Gudanarwa

A idon Linux, kowace kwamfutar haya shiri ne kamar sauran shirye-shirye. Mai saba kan yanka wa ɗan haya rabonsa na ƙwaƙwalwa da ma'adana da adireshin IP, wato lambar da ake gane kwamfuta da ita a intanet, sau da yawa ta manhajar gudanarwa irin Proxmox ko libvirt. Ana saɓani kan sayar da fiye da abin da sabar ke da shi: wasu na ganin tsimi ne, wasu ha'inci.

A Kano

Abokan hulɗar masu wannan sana'a su ne makarantu, 'yan kasuwa da matasa masu gina shafukan intanet. Ajiye saba a cikin birni ba ƙaramin aiki ba ne. Zafin Afrilu kan haura digiri 40, ƙurar hunturu na toshe fanka, ga ɗaukewar wuta da ke tilasta janareta ko sola da batura. Manyan wayoyin intanet na ƙarƙashin teku kuwa, irin su MainOne da Glo-1 na 2010, a Legas suke sauka. Shi ya sa mai ƙaramin jari yakan kama hayar saba a Legas ko Turai, ya riƙa sarrafa ta daga shagonsa, yana biya da dala yana karɓar naira.