Hasken guga da ɓarewa

Hasken guga da ɓarewa wani ɗan haske ne shuɗi-shuɗi da ke fitowa idan an ware abu biyu da ke manne, ko an fasa wasu nau'o'in duwatsu da dunƙulen sukari. Masana na kiransa tirayiboluminesans. Mai son ya gani sai ya shiga ɗaki mai duhu, ya jira idonsa ya saba, sannan ya fizgi salatif daga naɗinsa. Zai ga siririn layin haske daidai bakin da gam ke rabuwa da leda.

Tarihi

Tun kafin a ƙirƙiro salatif aka san abin. Francis Bacon na Ingila ya rubuta a 1620 cewa sukari mai tauri yakan yi ƙyalli idan aka kankare shi ko aka fasa shi cikin duhu, a zamanin da ake sayar da sukari curi-curi, sai an sare shi. A wajajen 1663 masanin kimiyya Robert Boyle ya ga dutsen daimon na haske bayan an goge shi. Ana kuma ruwaito cewa mutanen Ute, wata ƙabila ta 'yan asalin Amurka a Kolorado, sukan zuba duwatsun kwaz masu kama da gilashi cikin fatar ɓauna, su kaɗa da dare a bukukuwansu don duwatsun su yi haske, amma ba a tantance lokacin da al'adar ta soma ba.

Shi kuwa na salatif, masanin Amurka E. Newton Harvey ya bayyana shi a 1939. A 1953 masanan Tarayyar Sobiyet suka ce idan aka ɓare shi inda aka zuƙe iska, har hasken eksire yake fitarwa. Maganar ta daɗe ba ta samu kulawar da ta cancanta ba, sai a 2008 da ayarin Seth Putterman na Jami'ar Kalifoniya a Los Anjeles ya tabbatar da ita, har suka ɗauki hoton ƙashin yatsa da hasken.

Dalili

Yayin rabuwa, ɓangare ɗaya yakan tafi da rarar ilektaron, wato ƙananan ƙwayoyin da ke ɗauke da cajin lantarki, ɗayan ya rage da giɓi. Cajin ya taru har ilektaron su tsallake ratar, su bugi sinadarin naitirojin da ke cikin iska, shi kuma ya saki haske. Dangin tartsatsin da bargo ke yi da daren hunturu ne. Yawancin hasken altarabayolet ne wanda ido ba ya gani, shi ya sa ake ganinsa dishi-dishi. Yadda cajin ke rabuwa tun farko, har yanzu masana ba su daidaita a kai ba.

Amfani

Ana gwada shi wajen ƙera na'urorin gano tsagewa a jikin kayayyaki da ƙananan injinan eksire.