Sunayen Marasa Lafiya Ba Kayan Zubewa a /tmp Ba Ne

Kirana ga abokan aiki masu kula da bayanan asibiti ne, musamman waɗanda ke haɗa rahoton wata a kwamfutar Linux. Da yawanmu idan mun zaro jerin marasa lafiya, sai mu zuba shi a /tmp da suna irin rahoto.csv. Wurin nan tsakar gidan haya ne: duk mai izinin shiga kwamfutar yana ajiya a ciki, kuma fayil ɗin da aka jefa haka kawai galibi kowa na iya buɗe shi. Sunan mai tarin fuka ko mai ɗauke da ƙanjamau amana ce aka ba mu, wallahi bai kamata ya kwana a nan ba.

Akwai abin da ya fi wannan muni. Idan ana iya cankar sunan, mugu zai riga ku, ya dasa mahaɗi da wannan suna mai nuni zuwa wani fayil muhimmi. Kuna rubutawa, kuna iya shafe wancan da hannunku. Liƙa $$ a ƙarshen suna ba kariya ba ce, lambar da kwamfuta ke bai wa aikin da ke gudana ce kawai, cankarta ba wuya.

Maganin yana cikin kwamfutarku tuni. Sunansa mktemp, ya fara fitowa a OpenBSD a 1997. A cikin fayil ɗin umarnin da ke haɗa rahoton, ku rubuta:

d=$(mktemp -d) || exit 1

Zai zaɓi sunan da ba a iya canka, ya buɗe muku jaka nan take da izini 700, wato mai ita kaɗai ke shiga; sunan jakar yana cikin $d, a can za ku zuba rahoton. In fayil guda kuke so, ku cire -d, zai zo da izini 600, wato mai shi kaɗai ke karantawa da rubutawa. Amma ku guji -u, don suna kawai yake bayarwa ba tare da ya ƙirƙiri komai ba, wani na iya shiga tsakani.

Sai shara. A layin da ke biye ku sa:

trap 'rm -rf "$d"' EXIT

Don Allah kada ku cire alamomin da ke kewaye da $d. Wannan layi zai goge jakar idan aikin ya ƙare, ko da kuskure ne ya tsayar da shi. Abin da ba zai iya ba shi ne shara in an ɗauke wuta ana tsakiyar aiki. Don haka duk ranar da kwamfuta ta mutu ba shiri, ku leƙa /tmp bayan an kunna, ku goge ragowar da ta kasance taku.