Ƙaura zuwa Birtaniya: nawa haraji ke ci daga albashi, nawa cefane ke ɗauka?

Abu na farko da mai shirin tafiya aiki Birtaniya yakan yi shi ne ya juya albashin da aka yi masa tayi zuwa naira, sai ya ga kamar kakarsa ce ta yanke saƙa. Wannan lissafi yaudara ne, domin kuɗin da ke rubuce a takardar ɗaukar aiki ba shi ne ke shiga asusun banki ba. Alƙaluman da ke nan na shekarar haraji ta 2025 zuwa 2026 ne.

Idan albashina fam 30,000 ne a shekara, nawa zai shigo hannuna?

Fam 12,570 na farko ba a taɓa su. Abin da ya ɗoru a kai har zuwa fam 50,270 ana cire masa kashi 20 cikin ɗari, daga nan zuwa fam 125,140 kashi 40, sama da haka kuma kashi 45. Kuskure ne mutum ya ɗauka cewa da zarar ya shiga matakin kashi 40 sai a yi wa dukan albashinsa wannan yanka, alhali abin da ya haura iyakar kaɗai ake yi wa. Yankin Sukotlan yana da nasa matakan dabam.

A albashin fam 30,000, abin da haraji zai hau kansa fam 17,430 ne, wato harajin ya kama fam 3,486. Sannan akwai kuɗin inshorar ƙasa, kashi 8 cikin ɗari na fam 17,430 ɗin, kimanin fam 1,394. Abin da ya rage fam 25,120 ne, kusan fam 2,093 a wata, kuma wannan tun kafin a cire kason fansho, wanda doka ta wajabta wa ma'aikatu su saka mafi yawan ma'aikatansu a ciki. An daskarar da adadin fam 12,570 ɗin tun 2021, saboda haka duk ƙarin albashin da mutum ya samu, hannun hukuma na ciki.

Ni zan kai harajin da kaina?

A'a, idan ma'aikaci ne kai, wurin aikinka ne zai cire ya miƙa wa hukumar haraji ta HMRC kafin kuɗin ya iso gare ka. Abin da ya rataya a wuyanka shi ne duba lambar harajin da ke kan takardar albashi. Ta yawancin mutane 1257L ce. Sabon zuwa kuwa sau da yawa akan ɗora shi a kan lambar wucin gadi, a riƙa cire masa fiye da ƙima, kuma idan bai lura ya tuntuɓi hukumar ba, sai bayan ƙarshen shekara kuɗinsa za su dawo. Shekarar haraji tana farawa ne ranar 6 ga Afrilu, ta ƙare 5 ga Afrilu mai zuwa.

Ina da gidan haya a Kano. Kuɗinsa ya shafe su?

A ƙa'ida ya shafe su, domin wanda ya kwana 183 a ƙasar cikin shekarar haraji ya zama mazauni, kuma ana duba kuɗin shigarsa na ko'ina a duniya. Sai dai tun 6 ga Afrilun 2025, wanda ya shafe shekara goma a jere ba ya zaune a ƙasar yana iya neman a yafe masa haraji kan kuɗin da yake samu a waje har tsawon shekara huɗu na farko. Nema ake yi a rubuce, kuma wanda ya nema zai rasa rangwamen fam 12,570 na wannan shekarar, don haka ga mai ɗan gidan haya guda cinikin na iya zama asara. Akwai kuma yarjejeniyar 1987 tsakanin Najeriya da Birtaniya da ke hana karɓar haraji sau biyu a kan kuɗi ɗaya.

Shi ke nan harajin?

Da sauran rina a kaba. Harajin ƙaramar hukuma yana kan gidan da kake zaune, kuma galibi ɗan haya ne ke biya, ba mai gida ba. Mai zama shi kaɗai yana samun ragin kashi 25, gidan da duk ɗalibai ne a ciki kuma ba ya biya.

Ana ɗora haraji a kan kayan abinci?

Harajin VAT a can kashi 20 ne, amma yawancin kayan cefane, kamar shinkafa, burodi, madara, ƙwai, ɗanyen nama da kayan lambu, ba a ɗora musu ko kwabo. Alewa, lemon kwalba, biskit mai cakulan da abinci mai zafi na saye a tafi su ne ke ɗauke da shi. Iyakar tana da sarƙaƙiya har ta kai a 1991 sai da kotu ta zauna don tantance ko wani kayan maƙulashe mai suna Jaffa Cakes kek ne ko biskit, aka yanke cewa kek ne, ya tsira. Farashin da ke manne a jikin kaya shi za ka biya, babu ƙari a wurin mai karɓar kuɗi.

To me ya sa ake kukan tsadar cefane?

Farashi ya yi tashin gwauron zabo bayan ɓarkewar yaƙin Yukiren, har hauhawar farashin abinci ta haura kashi 19 cikin ɗari a Maris na 2023, kuma raguwar hauhawar daga baya ba ta mayar da kaya farashinsu na da ba. Duk da haka, wanda zai ci dankalin Turawa, taliya, kaza da karas daga manyan shagunan Aldi ko Lidl zai ga abin da sauƙi. A Tesco da Sainsbury's kaya ɗaya kan zo da farashi biyu, na mai katin shago da na marar shi, kuma katin kyauta ne. Da yamma akan liƙa wa kayan da suka kusa lalacewa takarda mai ruwan ɗorawa a karya farashinsu.

Inda aljihu ke jin jiki shi ne abincin gida. Doya, manja, garin rogo, kuɓewa da attarugu sai an je shagunan 'yan Afirka da 'yan Asiya, irin na Peckham a Landan, inda ake ɗora doya guda a kan sikeli kamar nama. A ganina iyalin da suka dage sai tuwo da miyar gida kullum su ware wa cefane kaso mai kauri tun daga farko. Naman halal ba ya wuyar samu a Landan, Birmingham ko Bradford, amma a ƙananan garuruwa yakan zama sai an yi tafiya an saro na wata guda an zuba a firiza.

Zan iya tafiya da guzuri daga gida?

Busassun kaya irin su kuka, daddawa, yaji da busasshiyar kuɓewa mutane na tafiya da su, kuma suna daɗewa. Nama da kayan madara daga Najeriya kuwa an hana shiga da su, wato kilishi, dambun nama da man shanu duk za a ƙwace su a filin jirgi idan aka gani, komai kyan naɗin da aka yi musu.